Ƙafar Warwick Duggan

Shekara uku ƙungiyar ƙwallon garinmu, Korrabung, ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Da ta cika shekara ɗari da kafuwa, shugabanta Gavan Tully, mahaucin gari, ya ce ranar biki daga sama za a sauko da ƙwallo. Warwick Duggan mai kafa shingen gonaki aka zaɓa, saboda ya riga ya yi dirar lema daga jirgin sama fiye da sau ɗari uku.

Ranar Asabar ɗin iska ta tashi tun hantsi. Warwick ya kira Gavan daga filin jirgi ya ce, "Mutumina, iskar nan ba ta wasa ba ce. A fasa."

"A fasa me? Nama na kan wuta, magajin gari ya zauna. Kai dai faɗo kawai!"

Ya kuwa faɗo. Muna kallo iska ta kwashe shi ta maka da rufin rumfar 'yan kallo, ƙafarsa ta hagu ta shige tsakanin kwano da ƙarfe. Ƙwallon ta suɓuce ta gangaro tsakiyar fili. Alƙalin wasa ya dubi agogo, ya dubi rufin, ya jira motar asibiti ta fita, sannan ya busa usur. Ran nan muka lallasa 'yan Birralong, maƙwabtanmu.

A asibitin birni aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Bayan sati biyu sai Noelene, matar Warwick, ta gan shi yana lalubar zanin gado, wai yatsun da babu su ne ke masa ƙaiƙayi.

'Yan kwamitin ƙungiya suka je dubiya da lambar yabo, an rubuta sunansa ba daidai ba. Gavan ya share hawaye ya ce, "Ka sadaukar da ƙafa, gari ya ɗaga kai. Mun ware maka kujera ta har abada."

Kujerar tana can ƙololuwar rumfa, matakala arba'in da ɗaya. Noelene ta nemi a yi masa hanyar keken guragu. Kwamiti ya zauna sau shida, a ƙarshe aka amince a yi wa matakalar sabon fenti.

Wata biyar ya yi yana koyon tafiya da ƙafar roba. Ya faɗi a banɗaki, ya faɗi a gaban kanti, kowa ya gan shi sai ya ce, "Jarumi ke nan!" amma masu gonaki suka daina kiransa aiki, wai suna tausaya masa. Da kakar wasa ta zagayo muka koma shan kashi, Gavan ya same shi a gida.

"Warwick, jama'a na cewa dirar nan ce ta kawo mana sa'a. Ko za ka sake? Ai ka ga yanzu abin da za ka rasa ya ragu."

Noelene ta fito da bokitin wankin kare ta juye masa a ka.

A ɗakin gashin ƙashi Warwick ya haɗu da Col Brennan, tsohon direban motar madara, wanda ciwon suga ya cinye wa ƙafar dama. Ɗan Birralong ne na gani-kashe-ni. Ya dubi Warwick sama da ƙasa ya ce, "Kai ne tsuntsun da ya sa aka ci mu? Takalmi lamba nawa kake sawa?"

"Goma."

"Ni ma. Ƙafar roba ba ta cin takalmi, mai ran ce ke cinyewa. Me zai sa kowa ya sayi biyu?"

Tun daga nan tare suke zuwa kanti, su sayi takalmi ƙafa ɗaya su raba. Col ya samo masa aikin shinge a gonakin Birralong, inda babu mai kiransa jarumi, sai dai a ce ya yi sauri kafin tumaki su fice. Har yau ba su daidaita kan launi ba. Col baƙi yake so, Warwick ruwan ƙasa, mai kanti kuma da ya hango su sai ya jawo kujera ya zauna.