Mai Kira Na Gaba

Allon da ke rataye a bangon ofishin ya riga ya yi ja tun kafin ta ajiye jakarta. Ja yana nufin masu kira sun yi layi, kuma bai sake komawa kore ba tun ranar da kamfanin wayar ya sallami rabin ma'aikatan sashen sauraron koke.

Abokan aikinta Sanyin Murya suke ce mata. A da, in wani ya kira da zagi, ita ake tura wa. Sai ta bar shi ya amayar da duk abin da ke cikinsa, ta lallaɓa shi har ya ƙare da dariya. Yanzu kuwa shugaban sashe yana zagayawa ta bayansu kamar mai tsaron jarrabawa, yana ƙwanƙwasa teburin duk wanda ya daɗe a kan kira ɗaya.

"Ba hira aka ɗauke ki ki yi ba," in ji shi. "Ki gajarta. Masu neman kujerar nan suna can waje."

Ta gajarta. Ciwon kai ya tare a bayan idonta na hagu, ya ƙi tashi. Ta fara manta abin da aka gaya mata yanzu-yanzu. A gida, 'yarta tana tsakiyar ba ta labarin makaranta, sai ta ji bakinta ya ce, "Akwai wani abu kuma?"

Yarinyar ta dube ta. "Babu, Mama." Ta koma ɗaki.

Wata rana da hantsi wani dattijo ya kira.

"'Yata, an rufe mini layi. Wannan ma wayar maƙwabcina ce. Matata tana kwance a asibiti, lambata kaɗai likita yake da ita. Ki taimake ni."

Ta san gyaran sarai. Sai ta tabbatar da shi ne mai layin, ta nemi injiniyoyi, ta jira su ɗauka. Aiki ne mai cin lokaci. Ta ɗaga kai ta hango shugaban sashe yana nufo ta, ya riga ya lanƙwashe yatsa.

"Baba, ka kashe wayar ka sake kunnawa, zai dawo."

"Na yi, 'yata, tun jiya nake..."

"Mun gode da kiranka."

Ta katse. Shugaban ya wuce bai taɓa teburinta ba.

Da aka ba su hutu ta zauna ta nemi lambar da dattijon ya kira da ita. Kiraye-kiraye sun binne lambar. Ta rufe ido ta lalubi sunansa, ko unguwarsa, ko wane asibiti ya ce. Babu abin da ya zauna a kanta sai "'yata". Ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji ta.

Ƙarshen wata shugaban ya tara su, ya sanar cewa babu wanda ya kai ta sauri. Aka yi tafi. Ya turo mata sababbin ma'aikata, 'yan mata masu sabuwar guga a riguna.

"Ki koya musu yadda kike yi."

Ɗaya daga cikinsu ta matso tana murmushi. "Yaya, an ce duk ofishin nan babu wanda ya fi ki iya magana da mutane."

Ta jawo wa yarinyar kujera, ta kama yatsanta ta ɗora a kan maɓallin katse kira.

"Wannan za ki fara sani."