Mutuwar Almakashi

"Ɗaga ta ɓangarenka mana, so kake ya zame?" in ji mai gadi.

Maigidana ya ciji leɓe, ya ƙara ɗaga ƙafar kujerar robar, suka ci gaba da saukowa da maƙwabcinmu daga bene. Mutumin ya langaɓe a kujerar, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga, yayarsa na biye da jakar magunguna. Ni ina bakin ƙofarmu da tef ɗin awo a wuya. Ko sannu ban ce ba.

"Na gode, maƙwabci," in ji mara lafiyar da suka kai ƙasa.

"Ba don kai na yi ba. Hanya ka tare mana."

Almakashi muke ce wa maƙwabcin nan a gidan, kuma ni na laƙa masa sunan. Sana'arsa ba kamfanoni shawara kan manhajar kwamfuta. Sai su kira shi ya yi 'yan watanni yana duba yadda suke aiki, ya nuna musu wadda za su saya, ya ɗora ta, ya koya wa ma'aikata, ya kama gabansa. Bara kamfanin jigilar kaya inda maigidana ya yi furfura yana tsara fitar motoci ya ɗauko shi. Kullum sai ya ja kujera kusa da maigidana yana tambaya: wace mota ke fara fita, don me, in direba bai zo ba yaya ake yi? Maigidana ya juye masa komai, har yana alfahari a ofis cewa ƙofarsu na kallon juna. Ni kuwa, da yake gwauro ne, nakan aika masa da abinci. Da manhajar ta kankama, aka sallami ofishin tsara motoci kaf. Daga ranar kwanona bai sake ƙetare barandar ba.

Ranar da aka sauko da shi, asibiti aka kai shi. Suka riƙe shi kwanaki, suka dawo da shi. Ƙoda ce, kuma sun ce babu sauran abin yi. Yayarsa, wadda ta baro gidan aurenta don jinya, ta zo aron tukunya. Na miƙa mata ta ƙofa rabi a buɗe.

"Na san abin da ke tsakaninku," in ji ta. "Amma wallahi ƙanena ba mugu ba ne."

"Yaya, ɗinki nake yi. Almakashina ma ba mugu ba ne, amma ban taɓa ganin ya mayar da abin da ya yanka ba."

Ta karɓi tukunyar, ta juya.

Wata rana da hantsi maigidana na baranda yana warware mini ɗinkin wata riga, aikin da ya koma yi tunda ya rasa nasa, sai ga manajan kamfanin ya hawo yana haki, da kwamfuta a hammata.

"A'a, mutumina! Ashe nan kake?"

Maigidana ko ɗaga kai bai yi ba. Manaja ya faɗa ɗakin Almakashi, muna jin komai.

"Tun jiya mota ko ɗaya ba ta fita ba. Manhajar ta ƙi. Daure ka duba mana."

"Mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa?" in ji yayar. "Ba ka da imani ne?"

"Baiwar Allah, kwangilarsa ba ta ƙare ba."

Maigidana ya ajiye rigar ya shiga, na bi shi. Ɗakin na warin magani. An riga an ɗora wa Almakashi kwamfutar a kan matashi, yana danna harafi yana gogewa. Da ya ga maigidana sai ya dakata.

"Maƙwabci, tunda ga ka ga shi, gara ka ji. Kafin su kira ni sun riga sun gama shawarar korarku. Baƙo suke nema da zai faɗa da bakinsa, ku tsane shi, ya tafi. Manaja, ƙarya na yi?"

"Ciwo ne ke sa shi surutu," in ji manaja. "Mu muna ɗauko irinsu ne don ba mu da masani a cikin gida, kuma na waje ya fi hango inda ake ɓarna."

Maigidana bai ko kalle shi ba. Idonsa na kan mara lafiyar.

"Tun ranar farko ka sani?"

"Na sani."

"Kuma ka zauna kusa da ni kana shan shayina, kana ce mini Yaya."

"Na zauna."

"To me kake so in yi da wannan maganar yanzu? In dafa wa yara?"

Almakashi ya mayar da ido kan kwamfutar. Muna tsaye ya ci gaba da dannawa, gumi na bin wuyansa, yayarsa na share masa tana zagin manaja ƙasa-ƙasa. Can wayar manaja ta yi ƙara, aka ce motoci sun fara fita. Ya zare kwamfutar daga kan matashin, ya fice yana amsa waya. Ko Allah ya sawwaƙe bai ce ba.

Kafin mako ya zagayo Almakashi ya rasu, da rana tsaka, ina kan keken ɗinki. Kukan yayarsa na ji, na ɗaga ƙafa daga feda. Daga kamfanin babu wanda ya leƙo. Daga baya muka ji har sun ɗauko wani.

Maigidana ya je jana'iza. Da ya dawo ya zauna a bakin ƙofa yana kakkaɓe ƙasa daga takalmansa.

"Ka yafe masa?" na tambaye shi.

"Ba ni ruwa in sha."

Na kawo masa. A ɗaya ɓangaren barandar yayar ta bar ƙofa a buɗe don ɗakin ya sha iska. An naɗe katifa an jingine ta da bango, fanka kuma na tsaye a tsakar ɗakin tana juya kai dama da hagu.