Yaron Ga

Shekara arba'in da shida Zaidu yana duniya, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Ɗan fari ne, Inna Dudu kuwa mutuniyar da ce, ko za a yanka ta ba za ta ambaci sunan ɗan fari ba. In yana kusa, "kai". In yana nesa, "yaron ga". Wai yaro, mutumin da furfura ta fara cin gemunsa!

Su biyu suka rage a gidansu da ke bayan kasuwar kifi ta Yelwa. Matarsa ta rasu, ƙanwarsa Rahamatu tana aure a Shanga, shi kuma kullum yana kan ruwa, yana tsallakar da 'yan kasuwa a jirginsa mai inji. Da hawan jini ya kayar da Inna karo na farko, sai Blessing, ma'aikaciyar lafiyar da ke zagaya gidajen tsofaffi, ta kawo musu wata na'ura kamar gwangwanin madara. Tana jin Hausa, tana tuna wa mutum lokacin shan magani, in kuma aka ce mata ta kira wane, sai ta buga masa waya.

"Malam Zaidu, da wane suna zan ajiye lambarka?" in ji Blessing. "Duk abin da ka zaɓa, shi Inna za ta faɗa kafin ta kira ka."

Da ya ce a sa "yaron ga", da shi ke nan. Amma ya saci kallon Inna tana tsintar wake, tsokana ta motsa masa.

"Sa Zaidu."

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba. "Allah shi shirye ka," ta ce.

Ya yi ta dariya, ya ce gobe zai sa a canza. Goben ba ta zo ba. Kuma ba mantuwa ba ce, a faɗi gaskiya. So yake ya ji, ko sau ɗaya ne.

Ranar wata Laraba da hantsi, yana tsakiyar ruwa, jirgi cike da mata da buhunan albasa, wayarsa ta yi ƙara. Lambar na'urar ce. Wallahi daɗi ne ya fara kama shi.

"Inna! Yau dai kin faɗa!"

Shiru. Sai numfashi mai nauyi, da kukan kaji daga nesa. Ya juya jirgin nan da ƙarfi, fasinjoji suna ta salati suna zaginsa, bai ji ko ɗaya ba. Da ya isa gida, a ƙasa ya same ta, tsakanin ƙofar ɗaki da randa, moɗa tana gefen hannunta. Ba ta kai azahar ba.

Bayan sadakar uku Blessing ta zo ɗaukar na'urar. Ta yi gaisuwa, sannan ta ce abin yana ajiye maganar da aka yi masa, amma gara a goge. Zaidu ya ce sai ya ji. Ta roƙe shi, ya ƙi. Ta danna wayarta, maganar da na'urar ta ajiye ta fara fitowa.

"Kiran mini yaron ga," muryar Inna ce, harshenta ya yi nauyi.

"Wa zan kira? Faɗi suna," in ji na'urar, cikin ladabinta mai ban haushi.

"Yaron ga nawa."

"Ban sami wannan suna ba."

"Mai jirgi... Wan Rahamatu... Babban gida..."

Haka baiwar Allah ta yi ta kewaye, tana kwance a rana, tana neman wata hanyar da ba sunan ba. Tun ƙarfe tara da minti goma ta fara. Wayar Zaidu ba ta yi ƙara ba sai goma da rabi. Blessing ta san abin da wannan tazara take nufi ga mai irin ciwon nan, shi ma ya sani, ba wanda ya dubi wani.

Daga ƙarshe, a hankali, kamar mai tsoron maƙwabta su ji, Inna ta ce, "Zaidu."

Ashe haka take faɗinsa. Tana ɗan jan ƙarshen, irin yadda ake kiran yaro ƙarami ya zo ya ci tuwo. Abin da ya nema ke nan tun yana gudu ba wando, ga shi ya samu, kuma ya tsani kansa da samun.

"In goge?" Blessing ta tambaya, idonta cike da hawaye.

"Sake sa mini wurin nan."

Ta mayar da shi baya kaɗan.

"Zaidu."

"Na'am, Inna," ya ce.