Sunan da Ta Kira a Faifan

Ranar da faifan ya fito, ranar na daina yi wa matata magana.

Makaɗan jaz ne su uku daga Khartoum: mai ganga, mai jita, da wani dogo mai busa ƙahon ƙarfe, Elsadig. Sun zo bikin girbi a Gadarif, suka ji matata Ummusalama tana waƙar yankan riɗi irin ta matan garinsu, Doka, suka roƙi ta hau dandamali tare da su. Na yarda, don a ce Ustaz wayayye ne.

Aka naɗi wasan, ya shiga wayar kowa. A waƙa ta huɗu, ana tsakiyar kiɗa, sai muryarta ta tashi: “Elsadig, ya Elsadig, ina ka tsaya?” Sau uku. Sannan ta yi wata dariya da shekara goma sha tara ban taɓa jin irinta a gidana ba.

A wurin mai shayi, Cindo direban lori ya ƙure sautin wayarsa.

“Ya Ustaz, kai da ka haddace littattafai, ko sau ɗaya ta taɓa kiran naka sunan haka?”

Aka kwashe da dariya. Na ajiye kofin na tafi.

Ban dake ta ba, ban sake ta ba. Masu ilimi ba ma haka. Mu shiru muke yi. Ta ajiye abinci, in ci. Ta gaishe ni, in buɗe littafi. In wayarta ta yi ƙara, in dubi agogo. Wata biyar.

*

Zazzaɓin kala'azar ne ya ɗauke ta. Ranar sadakar arba'in yayarta Jummare ta same ni a zaure.

“Ashe saboda mai ƙahon nan ka ƙaurace mata?”

Na kau da kai, ta ci gaba.

“Kai ka taɓa riƙe lauje? A gonar riɗi wanda aka bari a baya shi ake kira a waƙa, a yi masa ba'a har ya cim ma layi. Mutumin nan kullum busarsa a bayan ganga take. Tsiya take masa, Ustaz! Ko yaran Doka sun san wannan.”

Cindo ma ya sani. Shekara ashirin yana jigilar masu yankan riɗi.

Na so in ƙaryata Jummare. Har yau nakan ce, ai 'yar'uwa ba ta ba da shaidar da za ta ɓata gidansu. Amma na saurara da kyau: busar a baya take.

A asibiti, kwana biyu kafin ta cika, ta juyo da ƙyar ta ce, “Ustaz, wai ka ji faifan kuwa?”

Na gyara mata mayafi, na fita neman likita.

Na ji, Ummusalama. Kullum sai na ji, tun daga farko har tafin ƙarshe.