Rijiyar da Aka Yanke

Shekara goma sha ɗaya Baban Fatalwa yana sharhin finafinan tsoro a rediyo, kowace Asabar da hantsi. Na dā marasa launi, na bana, na ƙasashen ƙanƙara, na tsibirai, duk ya bi su. Abu ɗaya ya riƙe: ba ya yanke wa fim hukunci sai ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Shi ya sa maganarsa take da nauyi.

Tun da ciwon zuciya ya kwantar da shi bara, ƙaninsa mai gyaran kwamfuta ne ke zuba masa finafinan a filashi.

Ran nan ya gama ragargazar wani tsohon fim, ya ce kura ce ba haƙori. Sai wata mata ta bugo.

"Ka ce ba tsoro? To inda yarinyar ta leƙa rijiya fa? Kwana uku ko randa ban iya leƙawa ba!"

"Wace rijiya, baiwar Allah?"

"Au! Ashe kai ma tsallake kake yi." Ta sheƙe da dariya ta kashe.

Daga tashar ya zarce shagon ƙanin. Ya tarar da shi ya duƙufa kan wata kwamfuta da ya farke wa ciki.

"Na bincika, minti tamanin da bakwai ne fim ɗin. Wanda ka ba ni saba'in da tara. Ina sauran?"

"Yaya, zauna mana."

"Guda nawa ka yanke?"

Ƙanin ya ajiye sukudireba. "Duka, tun da aka sallamo ka. Likita ya ce kada a firgita ka. Na ce ka bar aikin nan, ka ƙi. Ni na ɗauko ka a ƙasan banɗaki, Yaya, ba masu sauraronka ba."

"Mutanen da suka yi finafinan nan wasu sun daɗe da mutuwa. Ka sa na bi su har kabari na ce ba su iya ba."

"Su sun mutu. Kai ga ka tsaye kana yi mini faɗa."

Baban Fatalwa ya juya ya fice. Gaskiyar maganar ta fi komai ƙona masa rai.

Asabar ta gaba ya faɗa wa masu sauraro su watsar da duk sharhinsa na shekara guda, don bai ga finafinan cikakku ba. Aka tambaye shi dalili, ya ƙi faɗa. Wasu suka ce malalaci ne aka kama. Ya haɗiye.

Da la'asar ƙanin ya zo gida, ya miƙo filashi. "Wannan ban taɓa ko daƙiƙa ba, wallahi."

Baban Fatalwa ya daɗe yana kallon hannun.

"Ban ce ƙarya kake ba," in ji shi. "Amma ta ina zan sani?"