Tafin Hannun Mai Jirgi

Sun kai tsakiyar kogi ke nan Mai Jirgi ya ji muryar injin ta canza. Ba wata babbar ƙara ba ce, ɗan kaushi ne kawai, irin wanda fasinja ba zai taɓa lura da shi ba. Amma shi gabansa ya yanke ya faɗi, domin yau ba fasinja ya ɗauko ba. Matarsa ce zaune a gaban kwale-kwalen, ta rungume Auta, 'yarsu ƙarama, wadda zazzaɓi ya kwana biyu yana ci har ta daina amsa kira. Asibiti kuwa sai an haye.

Ya waiga ya dubi ruwan da injin ke tsartarwa ta baya, wanda shi ke nuna ko ruwan sanyaya yana zagayawa. Ya sirance, yana fita yana tsinkewa. A da, wannan ba abin tambaya ba ne. Tara hannu zai yi, ruwan ya zuba a tafinsa, nan take ya san ko ɗumin lafiya ne ko injin na shirin cin kansa. Masu jirage har layi suke yi a bakin ruwa, "zo ka taɓa mana."

To, ga inda gizo ke saƙar. Tun bara ciwon suga ya cinye masa jin tafin hannu. Yatsun suna motsi, suna riƙe abu, amma zafi da sanyi duk ɗaya ne a wurinsu, kamar ya sa safar hannu mai kauri. Bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa. Mutum ne mai shegen zurfin ciki, kuma yana tsoron ranar da za a daina kiransa.

Ya tara hannun duk da haka. Ruwa ya zuba, ya gangara. Shiru kake ji.

Ya rage wuta, ya kashe injin, ya ɗaga ƙafar injin daga ruwa ya duba ko leda ce ta toshe ramukan shan ruwa. Babu leda, babu ciyawa. Ya zura waya a ƙofar tsartarwar, ya sake tayarwa. Ruwan yana nan yadda yake, ba gaba ba baya.

"Baban Auta, lafiya muka tsaya?"

"Lafiya lau."

"Wace irin lafiya kogi yana tafiya da mu?"

Ya ciro waya ya kira bakanike, abokinsa na shekaru. Bakanike ya saurari bayani, ya ce wataƙila robar da ke jan ruwa ce ta cinye, wataƙila kuma datti ne kawai. "Kai da kake koya mana? Tara hannu mana. In za ka iya barinsa a ciki, lallaɓa ku haye. In ya sa ka janye, wallahi kashe shi, in ba haka ba ya kama ya ƙi juyawa, kuma ka san in ya kama sai dai a jawo ku."

"Zo ku ɗauke mu."

"Da me? Jiragen duk sun fita, nawa injin kuma yana warware a ƙasa. Me hannun naka ya ce?"

Mai Jirgi ya katse wayar. Ya naɗe hannun riga ya tara damtsensa. Ya ji zafi, i. Amma zafi kamar yaya? Damtse bai taɓa yin wannan aikin ba, ko ruwan wanka zai ce masa zafi ne. Duk abin da ya sani a tafin yake, tafin kuma ya yi gum.

"Maman Auta, ajiye ta ki zo ki taɓa mini ruwan nan."

Ta yi masa wani irin kallo, amma ta kwantar da yarinyar a kan zani, ta rarrafo. Ta tara hannu.

"Da ɗumi dai."

"Ɗumi ko zafi?"

"Ni ina na sani? Ni da nake sauke tukunya daga wuta ba tsumma, komai ɗumi ne a wurina." Sai ta tsaya. "Kai me ya hana ka taɓawa?"

Ta kamo hannunsa ta juya shi. A gefen tafin akwai ƙaton bororo na ƙuna, sabo fil, daidai inda ya dafa kan injin ɗazu bai ma sani ba. Ta danna wurin da yatsa. Ko gezau bai yi ba.

"Innalillahi. Tun yaushe?"

"Tun bara."

Ƙunar ta ba shi amsar da yake nema, sai dai ba wadda yake so ba. Ya kashe injin. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni, don yanzu ana jin numfashin Auta yana fita da ƙyar. Tsallaken yana can nesa, rufin asibitin yana ƙyalli, kogi kuma yana ta jan su ƙasa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a kan ruwa ba.

Ya ɗauki filafili ya fara tuƙi. Sau biyu yana suɓuce masa, don bai jin lokacin da riƙon ya sassauta. Ta fizge shi daga hannunsa ba tare da ta dube shi ba.

"Je ka riƙe Auta."

Ya ɗauki Auta ya ɗora a cinya. Ya sunkuya ya manna kuncinsa a goshinta, ya ji kamar ya jingina da murhu. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Matar tana ta fama da ruwa, jirgin yana juyawa ya ƙi miƙewa. Can ta bar tuƙin, filafilin yana ɗiga a kan ƙafarta. Muryarta ta fito a hankali, ba faɗa a ciki, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Baban Auta, shekaranjiya da na ce mu kai ta, ka taɓa goshinta ka ce babu wani zafi, mu bari ya sauka. Da wane hannun ka taɓa ta?"