Ba Haka Ake Mutuwa Ba

"Tashi, malam, tashi! Ba haka aka mutuwa ba," in ji Tanti Germaine, tana nuna tele da maficinta.

A cikin fim ɗin wani dattijo ne kwance bisa katifa, ya tara 'ya'yansa yana wasiyya. Ya fi minti goma yana zuba da murya garau, ya yafe wa kowa, sannan ya karkatar da kai ya rufe ido. Ni kam har na fara share ƙwalla da bakin mayafi.

"Ke Sahura, dubi wuyanai awa na bajimi," ta ce mini. "Wanga ko kwano biyu na tuwo anka aje mai, sai shi tashi da su. Amma kin ga yarinyar can ta bakin ƙohwa, wadda ba ta ce komi ba? Ita ta iya. Dubi yadda ta riƙe ƙyaure. Wagga ta taɓa rasa wani."

Haka Tanti take. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata a Dogon Dutsi. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya a asibitin mishan, da ta ajiye aiki kuma mijinta ya rasu, sai ta rungumi kallon fim. Ba ta da zaɓi, na Hausa, na Indiya, duk kallo take. Tana ganin girman 'yan wasa ƙwarai, takan ce mai sa mutum ya manta ciwonsa na awa biyu abokin aikinta ne. Sai dai yabonta tsada gare shi. Matan unguwa ba sa ɓata lokacinsu a kan fim sai sun leƙo sun ji abin da Tanti ta ce.

Ni ma 'yar wasa ce, in za a yi mini kara. Shekara bakwai ina cikin ƙungiyar Abdulmajid, wani matashi mai sayar da wayoyi a bakin tasha, wanda yake haɗa finafinai da kyamara ɗaya da taurin kai. Duk abin da na fito a ciki Tanti ta gani, kuma kullum maganarta ɗaya ce: "Kin yi ƙoƙari, ɗiyata." Wanda ya san ta ya san wannan ba yabo ba ne, sallama ce. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Da faɗuwar damina ciwo ya kama ta. Ni nake kai mata abinci, don haka ni na fara lura. Sai ta yi ta yabon miyata tana juya tuwo a kwano, loma biyu ba ta ci ba. Tana cikin magana sai ta tsaya, ta zuba wa bango ido kamar ta manta abin da za ta ce, ta danna babban yatsa ƙarƙashin haƙarƙari kamar mai gyara ɗaurin zane, sannan ta yi 'yar dariya ta ci gaba. Ta je asibiti sau biyu, ta dawo ta ƙi faɗa wa kowa abin da aka ce.

Ɗa ɗaya gare ta, Dieudonné, yana aiki a Yamai. Na ce zan kira shi.

"Ki kira shi ki ce mi?" ta ce. "In ya zaka sai shi kwashe ni shi kai Yamai, su yi ta huda ni da allura. Na san aikin, ni ma na yi ma wasu. Da sauran lokaci, Sahura. Shekara talatin ina kallon mutuwa, in ta matso ni ka hwara gane ta. Ki yi mani alkawali ba ki kiranai sai na ce."

Na yi mata alkawari, na koma gida ina jin haushin kaina. Kullum ina ganin tana ragewa, kullum tana cewa da sauran lokaci, kuma tsorona ɗaya ne, kada yaron nan ya zo ya tarar da kabari.

Ana cikin haka Abdulmajid ya ba ni matsayin uwa mai jinya a sabon fim ɗinsa. Ya rubuta mini wasiyya shafi biyu, na haddace tsaf. Ranar ɗauka muka tafi wani gida a kan hanyar Sukukutane, gero ya kai ƙugu ko'ina. Aka zaunar da ni bisa tabarma, aka ajiye mini kwanon tuwo, Abdulmajid ya ɗaga hannu. Sai na ji wasiyyar nan ta yi mini nauyi a baki. Na yabi miyar, na juya tuwon. Na fara yi wa 'yata ta fim faɗa a kan awakin da ba a ɗaure ba, na tsaya a tsakiyar magana, na kalli bango, yatsana ya tafi ƙarƙashin haƙarƙari da kansa. Na yi 'yar dariya na ci gaba.

Abdulmajid ya manta bai ce a tsaya ba. Da ya sauke kyamara ya ce, "Anti Sahura, ina kinka samo wanga? Wallahi jikina ya yi sanyi."

Ni dai na san inda na samo. Na yi wata biyu ina kai wa baiwar Allah abinci, ashe rabin idona yana jinya rabi yana sata.

Fim ya fita, ya shiga wayoyin mutane. A kasuwa mata suka riƙa tare ni, wata ta ce na tuna mata da uwarta, wani mai kabu-kabu ya ce bai ƙara yarda da dariyar tsofaffi ba. Yabon da na yi shekara bakwai ina nema ya zo, ni kuwa ina sunkuyar da kai. Tanti ta ji labari ta ce in kawo ta gani. Na ce wayata ta cika. Washegari na ce ba caji. Rana ta uku ta aika aka kira mata Abdulmajid da kansa, wai tunda 'yar wasa ta yi girman kai, a kawo mai gayya.

Bayan la'asar ya zo da kwamfutarsa ya ɗora bisa kujera. Tanti tana jingine da matashi, ta sa tabarau. Tun daga farko ta fara aikinta. Ta ce mai fitowa a matsayin likita bai iya riƙe allura ba, ta yaba yadda aka ɗauki gonakin, har ta ce wa Abdulmajid, "Kai yaro, kana da ido." Shi kuwa baki har kunne.

Da aka zo wurina sai ta yi shiru. Ni ina bakin ƙofa, na rasa inda zan sa idona.

"Maido shi baya," ta ce.

Ya mayar. Ta matso da fuskarta, ta kalla har ƙarshe, ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Wagga mata ba ta kai kaka," ta ce a hankali. "In da ga asibiti anka kawo mani ita, sai in ce a kira 'yan'uwanta yau." Ta juyo ta dube ni. "Haka nike yi?"

Na durƙusa a gabanta. "Tanti, ki yahe mani. Ban yi da niyya ba."

"In yahe maki mi? Na tambaye ki, haka nike yi?"

"Haka kike yi, Tanti."

Ta ajiye tabarau a gefe. Sannan ta ɗora hannu a kaina, hannun ba nauyi ko kaɗan.

"Kin iya, Sahura. Ban taɓa ganin wadda ta yi shi daidai ba sai ke." Ta ja numfashi. "Ɗauko waya ki kira mani Dieudonné. Ki ce mai shi biyo motar sahe."

Na ɗauko waya na nemo lambar. Na yi kuka a ranar, kuma har yau ban san na murna ne ko na baƙin ciki ba.

Dieudonné ya iso washegari da azahar. Bai yi maganar Yamai ba, da ya gan ta ya gane. Kwana biyar suka yi tare. Shi yake ba ta ruwa da cokali, yana karanta mata Littafi Mai Tsarki, ita kuma tana yi masa faɗan ya rame. Ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, ta cika a hannunsa. Mutanen coci suka zo da waƙoƙinsu, mu ma na unguwa muka cika tsakar gida, har limamin masallacinmu ya zo ya yi wa Dieudonné ta'aziyya, don Tanti ce ta yi jinyar mahaifiyarsa.

Kwana uku bayan an rufe ta, baƙi sun watse, Dieudonné ya yi sallama a ƙofarmu.

"Yaya Sahura, Mama ta ce in kalli wani fim naki. Ta ce in ba don shi ba, da ban iske ta ba."

Na tura masa a wayarsa, na nuna masa minti nawa zai kai. Ya yi godiya ya koma gidansu. Ni kuma na ɗauki wanki na fita tsakar gida.

Ina cikin shanya sai na jiyo muryata ta bayan katanga, ina faɗan awaki. Muryar ta tsaya a tsakiyar magana, aka yi shiru, 'yar dariyar ta biyo baya. Can sai na ji an mayar da shi farko. Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen zane, ruwa yana ɗiga a ƙafata, har ya mayar sau na uku.